Tulun Tasalla da Tukunyar Dutsen Bargo

Da sunan Wanda ya ba ɗan Adam harshe, ya ba shi kunne, ya kuma yanke wa kowace murya ranar da za ta yi shiru. Ni ne Dogara ɗan Nomau, ɗan fito a Gulbin Tila, mutumin Birnin Dasa a ƙasar Kurmala. Shekara talatin ina ƙetarar da mutane ban taɓa yin nisa da mashigina ba, sai shekarar da asu ya shigo gari. A shekarar na ga garin da rayayyu ke ba matattu aron baki, na tuƙa tukunyar da ta fi rijiya zurfi, na fita ta ƙofa biyar da magana ɗaya. Ga yadda abin ya kasance.

Wanda bai san Kurmala ba sai an fara yi masa zancen tuluna. Yumɓun da ake haƙa a bakin Gulbin Tila yana riƙe murya. In aka gina tulu da shi aka gasa, mutum ya kafa baki ya yi magana aka rufe, to maganar ta zauna ke nan. Duk ranar da aka ɗaga murfi za ta fito yadda aka zuba ta, har da tari da jan numfashi, in an rufe ta koma ta kwanta. Sau ɗaya tulu yake karɓa. Saboda haka mutanenmu ba sa barin tsoho ya tafi bai yi magana a tulu ba, kuma galibi wasiyya ce da addu'a da sunayen kakanni, cikin irin muryar da mutum kan yi in ya san ana saurarensa.

Na matata Tasalla ba haka yake ba. Ba ta tsufa ba, ba ta yi jinya ba, zazzaɓin kwana uku ya ɗauke ta. Abin da ya rage mini shi ne wani tulu da na sayo wata safiya na ce ta gwada mini shi. Ta kafa baki ta ce, "To, ga ni. Ni ban san abin da ake gaya wa tulu ba. Wannan ma bakinsa a karkace yake, an cuce ka, Malam." Daga nan ta shiga zancen gishirin da ya ƙare, da maƙwabciya da ta ari turmi ba ta dawo da shi ba, da akuyarmu da ta cinye zogale har ɓawo, sannan ta yi dariya. Shekara tara ina buɗe shi kowace safiya kafin in sauka ruwa.

Murya tana da maƙiyi, shi ne asu. Ba irin mai cin tufafi ba ne. Wannan ƙanƙane ne, ido ba ya ganinsa. Yana shiga ta gefen murfi ya ci magana daga farkonta, kalma bayan kalma. Maganinsa liƙi, wato danƙon da ake dafawa a shafa a bakin tulu, warinsa ya kashe na ciki ya kori na waje. Gidaje biyar ke dafa liƙi tun kaka da kakanni, kowane da tambarinsa da launinsa: Kunama ja, Tsani shuɗi, Ƙaho baƙi, Kifi kore, Wata fari. Asu kuwa mai koyo ne, in ya daɗe da liƙin gida ɗaya sai ya saba da shi. Don haka al'adarmu ita ce a shafa na gida biyu, kuma a zaɓi gidajen da suka fi gaba da juna, domin abin da ya wuce ɗaya ba ya wuce ɗayan. Ko aure za a yi akan tambaya, "Liƙin wane gida kuke yi?" In amsa ta zo ɗaya da ta masu tambaya, sai tsofaffi su ɗan ɓata fuska.

Shekara goma sha biyu kafin wannan labari mai gidan Tsani ya rasu ba magaji, Gidan Wata ya ɗauke ma'aikatansa. Bayan nan Kifi da Ƙaho suka haɗa zuri'a suka haɗa murhu. Ba a jima ba Gidan Wata ya haɗe da su, Kunama ya shigo daga baya. Duk mun ji, ba wanda ya damu. Rumfuna biyar suna nan a kasuwa yadda suke, da launinsu, da masu sayarwarsu da ke zagin juna tun da hantsi.

Wata safiya na ɗaga murfi, sai Tasalla ta fara da, "Ni ban san abin da ake gaya wa tulu ba." Babu "To, ga ni." Na rufe na sake buɗewa. Babu.

Na ɗauki tulu na tafi rumfar Kunama, don ja da shuɗi nake shafawa.

"Laifinka ne, Malam Dogara," in ji mai Kunama. "Wa ya ce ka haɗa namu da na Tsani? Na Tsani ko ƙuda ba ya kora."

Mai Tsani ya ɗago daga tasa rumfar ya ce, "Gaya masa ya fara korar wanda ke kan gemunsa."

'Yan kasuwa suka yi dariya. Na sayi sauran ukun na shafa. Juma'a ta zagayo, kalma huɗu suka ƙara tafiya. Lokacin kuka ya fara tashi a unguwanni, kowane gida da nasa tulun da ke raguwa, kowa kuma yana zagin gidan da bai saba da shi ba. Na jera liƙin nan biyar a kan tabarma, na rufe ido, na shinshina su ɗaya bayan ɗaya, na sake cakuɗa su na shinshina. Ban iya raba su ba. Da azahar na koma kasuwa ta baya, na tarar da mai Kunama da mai Tsani suna cin tuwo a akushi ɗaya, wani mai jaki yana sauke musu kaya, ja da shuɗi da fari duk daga mangala ɗaya.

"Daga ina?" na tambaye shi.

"Dutsen Bargo. Duk daga can ne, ai ba wani wuri."

Na bar jirgina a hannun ƙanena, na naɗe tulu a zanen Tasalla, na goya shi a baya kamar jariri, na bi sawun jakuna.

Kwana goma sha ɗaya na isa garin Sabbatu, inda asu ya riga mu shiga da shekara guda. A can tulunan murya sun zama na ɗiban ruwa. Na ga mace ta ɗora na ubanta a ka ta nufi rijiya, ba ta ko sunkuyar da kai ba. A tsakiyar kasuwarsu akwai wani layi da suke kira layin masu aron baki. Rumfuna ne da asabari a sake. Mutum ya zauna a waje, na ciki ya yi masa magana da muryar wanda ya rasa. Na bi layin daga farko zuwa ƙarshe ina saurare, sai na lura da wani abu. Matattun Sabbatu duk sun koma masu taushin murya. Ba mai faɗa a cikinsu, ba mai mita, kowa yafiya yake yi yana sa albarka.

Wata mai suna Hakama, wadda aka ce ta fi kowa kunne, ta hango goyona ta kira ni.

"Baƙo, naka da sauran rai?"

"Da saura."

"Kawo in ji tun bai ƙare ba. In na ji sau ɗaya na riƙe."

Na buɗe mata. Ta saurara ido a rufe, leɓɓanta na motsi. Na gaya mata kalmomin da aka cinye. Ta shiga ta saki asabari, ni kuma na zauna a waje. Sai na ji, "To, ga ni." Tasalla ce, har da yadda take jan ƙarshen magana in tana tsokana. Ta bi ta kan tulu da gishiri da turmi da akuya, ta yi dariyar. Sannan muryar ta sauka ƙasa ta ce, "Malam, na yi kewarka. Ka yafe mini."

Na miƙe. Hakama ta ɗaga asabari.

"Ban yi daidai ba?"

"Kin yi daidai, baiwar Allah. Amma ita ba ta taɓa faɗin haka ba."

"Na sani. Ba wanda ya taɓa faɗa. Shi ya sa ake zuwa." Ta dubi tulun. "Zauna nan garin. Wata shida ba za ka ƙara tuna wace ce ta faɗi wanne ba."

Na san gaskiya ta faɗa, don haka ban ƙara kwana a Sabbatu ba.

Hanyar Dutsen Bargo ta bi ta cikin wani daji da na kwana huɗu ina ratsawa. Itatuwan danƙo ne a jere, tsayinsu ɗaya, ganyensu ɗaya, kowane an tsaga shi an rataya masa ƙwarya. Tsakaninsu kututture ne na wasu itatuwa da aka sare, masu jan ciki da masu baƙi da wasu da ban san su ba. Ko tsuntsu ban ji ba a dajin nan.

Babban Gida, inda gidajen nan biyar suka haɗe, yana kan dutsen, ganuwa biyar ta kewaye shi, ɗaya cikin ɗaya. Kowace ganuwa da ƙofarta, kowace ƙofa da masu tsaro sanye da launin gida guda. Na ɗauki ƙunshin itace na shiga cikin masu kai makamashi, ba wanda ya tare ni. A tsakar ganuwa ta biyar na ga tukunyar. Ta ƙarfe ce, mutum arba'in ke tafiya a gefen bakinta, kowa da muciya mai tsawon sandar fito. A gindinta akwai indararo biyar. Danƙo yana fitowa ta kowanne ruwan ƙasa-ƙasa, kuma a bakin kowanne akwai mutum zaune da ƙwaryar rini yana barbaɗawa. Na aje itacena na tsaya kallo, tsayuwar ce ta tona ni.

Aka kai ni gaban wakilin gidan, wani mai suna Barmo. Na zaci zan ga azzalumi, sai na ga mutum mai fara'a da tabon ƙuna a hannuwansa, alamar ya yi aikin da kansa. Ya sa aka kawo mini fura.

"Ka ga abin kunya, ko?" in ji shi.

"Ranka ya daɗe, na ga tukunya ɗaya."

"Bari in gaya maka yadda aka yi. Da muka haɗu, mun jera liƙin nan biyar muka gwada su shekara biyu. Na Kunama yana tsagewa da zafi. Na Kifi yana narkewa da damina. Na Ƙaho ya makantar da masu dafa shi ba adadi. Na Wata ya fi su duka, ba kusa ba. Muka ɗauki na Wata muka ƙara masa abin kirkin da ke cikin sauran. Kai in kai ne, za ka ci gaba da dafa huɗu marasa kyau alhali kana da mai kyau?"

Na kurɓi furar, ya ci gaba.

"Shekara goma ba tulun da ya yi ciwo a Kurmala. Ba a taɓa yin haka ba. Wa ya zo ya gode mana?"

"To rinin fa?"

"Mutanenku ba za su shafa ɗaya su yi barci ba. Sun saba da biyu. Mun bar musu biyun." Ya dubi goyona. "Muna neman magani, kullum muna ƙara sabon abu a tukunya. Zauna ka taya mu. Dama wanda ya ga tukunya ba ya fita."

Aka ba ni muciya da ɗaki da abinci mai kyau. Ba a karɓe tuluna ba. Juma'a biyar na yi ina zagaya bakin tukunyar nan. A cikinsu gishiri ya tafi, maƙwabciya ta tafi da turminta.

Mai duba zafin wuta wani tsoho ne, Jatau, wanda ba ya magana da kowa. Sai daga baya na ji cewa shi ne mai Gidan Kunama na ƙarshe. Wata rana da muka sauka shan inuwa ya ji ni ina sauraren tulu, ya matso.

"Ja kake shafawa?"

"Ja da shuɗi, Baba."

"Da a zamanina ne da ka tsira." Ya zauna. "Ka san me ya sa? Ni da mai Gidan Tsani, Allah ya ji ƙansa, shekara arba'in ba mu gaisa ba. In na ji ya sa toka, ni sai in sa tsamiya. In ya dafa a hankali, ni sai in ƙona. Rabin abin da ke cikin liƙina ban sa shi don yana da amfani ba, na sa shi ne don wancan bai sa ba." Ya dubi tukunyar. "Ranar da ya mutu na rasa abin da zan zuba a tukunya. Wallahi har yau in na farka shi nake fara tunawa."

"Baba, ba wanda ya rage a waje?"

"Akwai Marka, a Fadamar Kwasa. Ba ƙin shiga ta yi ba, ƙin ta aka yi. Nata ya fi na kowa muni." Ya dube ni ta wutsiyar ido. "Amma ai ba za ka fita ba. Da can kowace ƙofa da halinta. 'Yan Ƙaho kaya suke bincikawa, 'yan Kifi hannu suke dubawa, 'yan Tsani tambaya suke yi har mutum ya yi tuntuɓe da bakinsa. Yanzu takarda ɗaya ake karanta musu duk safiya, su biyar ɗin."

"Me ke cikinta?"

Ya lissafa mini. Ta farko ita ce, mai kawo kuka kada ya isa wurin wakili. Duk inda aka gan shi a tura shi waje, kuma kada a tsaya jin bakinsa. Jatau ya faɗe ta a hankali, sannan ya tashi ya koma wurin wutarsa.

Washegari da hantsi na wanke jikina, na sa rigar da na zo da ita, na rungume tulu a ƙirji. Na je dab da ƙofar ciki, na juya mata baya kamar yanzu na shigo, na ɗaga murya ina cewa an cuce ni, liƙinsu bai hana komai ba, sai na ga Barmo ido da ido. Mai tsaro ya damƙi wuyan rigata.

"Wa ya bar ka ka kawo nan?"

"Ka saurare ni, matata ce a ciki."

"Ba a saurare. Wuce."

Ya tura ni waje ya rufe. A ƙofa ta biyu na yi haka, aka yi mini haka. A ta uku wani mai koren rawani ya ƙura mini ido ya ce kamar ya san fuskata a bakin tukunya. Na ce ƙwarai, kuma zai ƙara saninta, don ba inda za ni sai an biya mini haƙƙina. Abokinsa ya ce, "Kai, kana jin bakinsa ke nan fa." Suka haɗu suka tura ni. Kafin rana ta take tsaka ina gangaren dutse, kuma ban faɗi ƙarya ko ɗaya ba.

Fadamar Kwasa tafiyar kwana ashirin ce, rabi a ƙasa rabi a kwalekwale. Tun kafin in ga bukkar Marka na ji warinta, kamar an jiƙa daddawa a ruwan kifi an manta. Na same ta tana liƙe ƙasan wani jirgi, gajeriyar tsohuwa mai kaurin hannu. Masunta take yi wa aiki, ta shekara goma ba ta taɓa tulu ba.

"Inna, Jatau ne ya aiko ni."

"Wannan munafukin bai mutu ba?" Ba ta ɗago ba. "Ya gaya maka abin da Barmo ya ce da nawa?"

"Ya ce an ƙi shi."

"Cewa ya yi yana wari, yana bushewa cikin shekara, yana dushe murya. Duk gaskiya ne. Buɗe in ji."

Na buɗe. Akuya ce kawai ta rage, da zogale, da dariya. Marka ta aje abin hannunta.

"Wannan ba ta san za ta mutu ba."

"Ba ta sani ba."

"Shi ya sa ya yi daɗi. Kankare wannan kwalliyar da ka shafa, ɗan nan, ka miƙo."

Ta shafa nata da babban yatsa, baƙi-baƙi mai kauri. Da na sake buɗewa sai muryar ta fito kamar daga bayan katanga, kamar Tasalla tana ɗaki ni ina tsakar gida. Na zauna a fadamar ina taya ta liƙin jirage. Juma'a ta zo, ba kalmar da ta tafi. Ta biyu ta zo, haka. Na durƙusa zan yi godiya, ta ce in tashi kada in ɓata mata danƙo.

"Kada ka ɗauka nawa ya fi nasu. Asu bai san shi ba ne kawai." Ta cika mini ƙaramin ƙoƙo. "Wannan zai kai ka shekara biyu. Ka rufe bakinka. In ka gaya wa mutum ɗaya ka gaya wa Barmo."

Na yi mata alkawari, kuma da niyyar cikawa na yi shi.

Na dawo Birnin Dasa na tarar da shi ya fara kama da Sabbatu. Na koma fito, na riƙa buɗe tuluna a ƙuryar ɗaki. Amma katangata da ta Gwaggo Tabawa ɗaya ce. Tsohuwa ce, ɗanta guda Cindo ruwa ya ci shi, ni na tsamo gawarsa. Abin da take da shi tulu ne da ya yi karatu a ciki yana ƙarami, kuma saura kaɗan. Wata safiya ta yi sallama ta shigo da tulun a hannu, ta zauna a bakin ƙofa.

"Ba tambayarka na zo yi ba, ɗana. Juma'a shida ke nan ina jin akuyar nan ta katanga, ko ƙafarta ɗaya ba ta ragu ba. Zama kawai na zo yi."

Ta zauna har na sauka ruwa. Washegari ta dawo. Ba ta roƙe ni ba, ba ta yi kuka ba, tana zaune da tulu a cinya tana shafa shi. Rana ta huɗu na ɗebo daga ƙoƙona na shafa mata, na ce kada ta gaya wa kowa. Ƙanwarta kawai ta gaya wa.

Kafin damina ta biyu hanyar Fadamar Kwasa ta zama titi. An ce mutane sun tattake gonakin masunta, sun kwana a ƙofar Marka ɗari-ɗari, ita kuwa tukunyarta ba ta fi ta miya ba. An ce Barmo ya aika sau uku ta ƙi, a na huɗu ya zo da kansa ya nuna mata jerin masu jira ya ce, "Inna, su fa?" Aka ɗauke ta a kan raƙumi da girmamawa zuwa Dutsen Bargo. Ban ga laifinta ba, ban kuma ga nasa sosai ba. Wata uku bayan haka aka kafa rumfa ta shida a kasuwarmu, da tambarin jirgi, da wani saurayi mai kaifin baki da ke zagin sauran biyar. Na shinshina abin da yake sayarwa. Ba ya wari, ba ya dushe murya. An gyara shi. An kuma zuba sirrinsa a babbar tukunya don kowa ya amfana, kuma kowa ya amfana har wata bakwai.

Sannan asu ya koya. Ragowar da ke ƙoƙona ma ba ta ƙara tsare komai ba. Akuya ta tafi, zogale ya bi ta. Dariyar ta ɗauki Juma'a uku tana gajarcewa, ina ji, ba abin da zan iya.

Duk shekarun nan, da ta gama dariya nake mayar da murfi, don a nan na san maganar ta ƙare. Safiyar da dariyar ta tafi gaba ɗaya na buɗe na ji shiru, na kasa ɗaga hannu in rufe. Ina zaune haka, sai na ji motsin zane, da ƙarar munduwa ta bugi bakin tulu. Sai wata murya daga nesa, ta namiji, mai ƙarfi, wadda ban gane ba da farko. Tawa ce. Daga zaure nake kira, "Tasalla." Ita kuma ta riga ta juya wa tulun baya, ba da shi take ba, ta amsa yadda takan amsa kullum, da ɗan ƙosawa, "Na'am. Ina zuwa."

A ranar na ɗora kasko a bayan ɗaki. Ni ba mai liƙi ba ne, abin da na gani a wurin Marka ma na kauce masa da gangan. Huɗu na dafa suka lalace, ɗaya har ya ƙona mini gira. Na biyar mummuna ne, yana yauƙi, kaji ma ba sa zuwa kusa da shi. Gwaggo Tabawa tana dafa nata a ɗaya gefen katanga, don saura mata layi guda na karatun Cindo. Ta ɗaga murya za ta gaya mini abin da ta zuba, na ce ta riƙe abinta, ni ma ba zan gaya mata nawa ba, ku ma ba zan gaya muku ba.

Ban san ko zai riƙe ba, ban san kwana nawa asu zai yi kafin ya gane shi ba. Iyakar abin da na sani ke nan, kuma a nan labarina ya tsaya. Yau Juma'a ta uku da shafa shi. Da safe na ɗaga murfi, na kira ta, ta amsa.